Takin da Kawu Ya Zuba Mini

Ni ne na yi kuskure, ba Kawu ba. Na fara da wannan ne domin duk wanda ya zo zaman makokinsa ya san maganar, amma saboda kara babu wanda ya taɓo ta. Shekara tara Kawu ya yi yana zama a bencin ƙarshe na majami'armu, dab da ƙofa, kuma bakina ne ya kai shi can. Ya yafe mini tun yana da rai, shi ya sa yau nake rubutu da kwanciyar hankali. Amma ba na so a manta da shi, ba na kuma so a ba da labarinsa a tsallake wurin da na ɓata.

Ya rasu da kakar bana, ana tsakiyar yankan dawa. Iya, matarsa, ta ce a binne shi a gefen gonarsa. Waɗanda suka haƙa kabarin sun dawo suna cewa ba su taɓa haƙa ƙasa mai laushi haka ba, baƙa ce har tsawon kamu guda kafin a tarar da ja.

Kwana uku mutane suna zuwa ƙauyenmu, wanda yake tsakanin Rogo da Beli. Matan zumuntar majami'a sun zauna a tsakar gida wajen Iya suna waƙa a hankali. Fulanin rugar da ke bayan rafi sun zo da ƙwaryar nono, suka ajiye, suka yi gaisuwa. Wata mai tuyar waina daga Rogo ta shigo da kukanta, ta yi mai isarta, ta share ido da bakin zane, sannan ta tambayi Iya wa zai riƙa kwashe mata toka yanzu. Sai dariya ta kama mata, har Iya, ga hawaye a fuskarsu.

Rana ta biyu wani tsohon malamin allo na cikin Rogo ya zo, an goyo shi a babur. Abokin Kawu ne na shekara fiye da talatin. Bai shiga inda ake waƙa ba. Ya zauna tare da maza a gindin darbejiya, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da sannu da haƙuri. Can sai ya ce shi dai a saninsa, mutumin da ake toshe hanci in ya wuce shi ne ya fi kowa tsabtace unguwarsu. Ya juyo ya dube ni, ya gyaɗa kai sau ɗaya. A duk waɗanda ke zaune a wurin shi kaɗai ne ya ga abin da ya faru tsakanina da Kawu a bayan gidansa, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba.

Kawu wan mahaifiyata ne. Da mahaifina ya rasu shi ya ɗauke ni, shi ya kai ni firamare a Ƙaraye, shi da bai san ko baƙi ɗaya ba. An haife shi Bamaguje, ya karɓi baftisma yana da aure da 'ya'ya biyu. Tsofaffi suna ba da labarin cewa da aka shiga da shi rafi ya ce wa faston wancan lokacin ya ɗan daɗe da shi a cikin ruwan, don abin wankewar yana da yawa. Tun ranar da na iya haɗa baƙi ya sa mini suna Mai Takarda, kuma har ya mutu bai kira ni da wani suna ba.

Manomi ne kamar kowa, amma abin da aka san shi da shi taki ne. Da an gama kai amfanin gona rumbu sai ya ɗora wa jakunansa biyu, Aura da Duna, mangala, ya kama hanya. Babu jujin da bai sani ba a Rogo. Bayan gidan wane akwai kashin awaki, masu tuya suna da toka, Fulani su ba shi na shanu shi kuma ya bar musu karan gonarsa. Ba ya ɗiba haka kawai. Sai ya tsuguna ya sa hannu, ya tsince leda da fasasshiyar kwalba da mataccen batir, ya murza, ya shinshina. In ɗanye ne ya ce a bar shi ya ƙara kwana, domin ɗanyen taki ƙona shuka yake yi. Wanda ya ruɓe ya yi baƙi ya yi sanyi, shi ne abincin ƙasa. Tafin hannunsa duk ya tsattsage, ƙarƙashin farcensa baƙi ne ko ya wanke da sabulu sau uku. Kuma yana wankewa. Kowace Asabar da yamma sai ya tafi rafi da soso da sabulu, rigarsa ta Lahadi kuwa a akwatin ƙarfe take kwana. Na san wannan tun a lokacin, ko da yake daga baya na yi kamar ban sani ba.

Shi da malamin nan ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Wata rana ya dawo gida yana dariya shi kaɗai. Wai malam ya gaya masa a karatunsu kashin saniya da na akuya da na tunkiya ba najasa ba ne, tunda ana cin namansu, amma na jaki najasa ne. Kawu ya ce sai da ya juya ya ba Duna haƙuri: shi ya yi dakon na kowa tun safe, ƙarshe nasa ne aka ce ba shi da tsarki. Malam ya ce ba shi ya rubuta ba, tarar da shi ya yi. Kawu ya ce shi dai gonarsa ba ta taɓa tambayarsa wace dabba ce ta yi ba.

Tunda bai iya karatu ba, ni nake karanta masa Littafi Mai Tsarki da la'asar in mun dawo daga gona. Yana da wuraren da yake so, kuma duk wuraren da wasu ke saurin wucewa ne. In na zo inda aka ce Allah yana ɗaga matalauci daga kan juji ya zaunar da shi tare da manya, sai ya ɗaga yatsa, alamar in maimaita. Ya ce ashe Allah ya san hanyar juji, tunda ba a ɗauko mutum daga inda ba a je ba. Inda wani manzon Almasihu ya ce duk abin da yake taƙama da shi a da ya ɗauke shi kamar kashi saboda Almasihu, Kawu ya ce mutumin nan bai yi asara ba, in dai ya san inda zai zuba. Wanda ya fi so shi ne misalin itacen ɓauren da ya shekara uku bai yi 'ya'ya ba. Mai gona ya ce a sare, mai kula da gonar ya roƙa a ƙyale shi shekara guda, ya yi masa kaftu ya zuba masa taki. Wannan ya haddace shi tsaf, amma duk da haka sai na karanta.

Akwai kuma maganar gishirin da ya rasa ɗanɗanonsa, wanda aka ce ba shi da amfani a gona, ba shi da amfani a juji, sai dai a watsar. Ranar da na fara karanta masa wannan sai ya ce, "Mai Takarda, ka ji? Ashe juji ma yana da abin da ba ya karɓa." Ya ce gaskiya ne, gishiri in ya shiga taki kashe shuka yake yi, kuma wanda ya faɗi maganar nan ya taɓa tsayawa kusa da manoma. Ni a lokacin dariya kawai na yi.

A cikin shekarun tamanin abubuwa biyu suka same ni kusan tare, kuma duka biyun suka kumbura mini kai. Na farko takin zamani, wanda ya wadata a lokacin. Na zuba a gonar da Kawu ya yanka mini da na yi aure, masara ta yi kore shar, sai na fara ganin jakunan Kawu abin kunya ne. Na biyu, ikilisiya ta tura ni karatun Littafi na wata uku da rani. Wata uku kacal. Na dawo da littafin rubutu a cike da farar riga sabuwa, aka ba ni karatu a gaban jama'a, in Fasto ya tafi wani ƙauye ni ke yin wa'azi.

Kawu yana cikin dattawan ikilisiya tun ana sujada a rumfar kara. Ranar Jibin Ubangiji shi yake ɗaukar farantin gurasa ya bi layi-layi yana miƙa wa mutane. Babu wanda ya taɓa cewa komai. Sai aka yi wa majami'armu rufin kwano, aka ce baƙi za su zo daga birni a yi godiya, za a kuma ci Jibi tare. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne baƙin nan masu agogo za su sa hannu a farantin da farcen Kawu ke riƙe da shi.

Lahadin da ta gabaci zuwansu ni ke da wa'azi. Na zaɓo wurin da aka umarci mutanen Allah a jeji su keɓe wurin biyan bukata a bayan zango, kada a ga ƙazanta a inda Ubangiji yake tafiya. Na haɗa da wurin da wani annabi ya kwatanta ayyukanmu na kirki da tsumma mai dauɗa. Shi annabin har da kansa ya haɗa, amma ni ban sa kaina a ciki ba. Na ce Allah mai tsarki ne, ba ya shiri da ƙazanta, kuma wanda ya yi kwana shida a kan juji bai kamata a rana ta bakwai ya riƙe farantin Ubangiji ba. Ban kira suna ba. Ba a bukata. Mai kwasar juji ɗaya ne a cikinmu.

Da aka tashi ya jira ni a gindin wata ɗorawa a hanyar gida. Na zaci faɗa zai yi, har na shirya ayoyina. Sai ya tambaye ni, da muryar da yake tambayata kullum, mutanen nan na jeji in sun fita bayan zango me aka ce su yi da abin. Na ce an ce su haƙa rami su binne.

"A ƙasa?"

Na ce a ƙasa mana.

"To, Mai Takarda, ni ma abin da nake yi ke nan."

Na ce masa wannan maganar wanda bai yi karatu ba ce. Haka na ce wa mutumin da ya sayar da akuyarsa ya saya mini littafina na farko. Ya juya ya kama hanyar gida. Lahadi ta zagayo, baƙi suka zo, wani dattijo ya ɗauki faranti, Kawu kuma ya zauna a bencin ƙarshe. Fasto ya je har gida sau biyu yana lallashinsa. Ya ce a'a, ba ya so gurasar Ubangiji ta zama abin ƙyama ga ko mutum ɗaya saboda shi. Bai fasa zuwa sujada ba ko sau ɗaya, daga baya ma cewa yake wurin ya fi iska. Karatun la'asar ne ya mutu. Ban je ba, bai aiko ba.

Iya ba ta da irin haƙurinsa. Shekaru in na gaishe ta "lafiya" kawai take cewa, ba ta tambayar iyali. Wata Kirsimeti na je gaisuwa, ta kawo mana tuwo, ta raba miya kwano biyu, abin da ba ta saba yi ba. Tawa babu gishiri ko kaɗan. Na san ba mantuwa ba ce, na daure ina ci. Kawu ya lura da yadda nake haɗiya, ya sa yatsa ya ɗanɗana, sai ya ja kwanona gabansa ya turo mini nasa, ya ce dama likita ya hana tsofaffi gishiri. A sanina bai taɓa ganin likita ba.

Shekaru suka tafi. Takin zamani ya yi wuya, in ma ya zo ba ya kaiwa kanmu. Gonata, da na daɗe ban ba ta komai ba sai na buhu, ta gaji. Ƙasar ta yi fari ta yi tauri, ƙuduji ya shaƙe dawa. Shekarar da abin da na girbe bai kai mu ko bazara ba, na fara maganar barin gonar in tafi birni neman aikin gadi. Da rani na je duba ta, sai na tarar da baƙin taki tsibi-tsibi, an jera daga wannan iyaka zuwa waccan, tazara daidai kamar an auna da igiya. Ga sawun jakuna. Mutum ɗaya ne na sani yake jera taki haka.

Nan ne laifina na biyu, kuma a ganina ya fi na farko. Na farko ina iya cewa ƙuruciya ce. Wannan kuwa da gemuna da 'ya'yana huɗu. Na baje takin, na yi huɗa, na shuka, ban je na ce na gode ba. In na je sai na faɗi ɗayar maganar, ta neman gafara, ita kuma ban shirya mata ba. Rani na biyu ya sake zubawa. Na uku ma haka. Muna haɗuwa a hanya in durƙusa in gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi gona, in ce gona da godiya, ya ce madalla. Dawata ta dawo har ta fi ta maƙwabta, mutane suna tambayata wane irin buhu na samo.

Iya ce ta fasa maganar, a rani na huɗu, wato na bana. Ta tare ni a hanyar rijiya, ta sauke tulunta, ta ce ba don ni za ta faɗa ba, don gwiwar mijinta ce. Ta ce takin da nake ci rabon gonarsa ne yake rabawa biyu, kuma sawu biyu yake yi zuwa Rogo a rana, tsoho da shi. Ta ce tun ranin farko ta ce masa ya rabu da ni, mutumin da ya kunyata shi a gaban jama'a, sai ya ce mata a ƙyale shi bana ma, ya ƙara zuba masa. Kowace shekara amsar ke nan.

"Na tambaye shi gonar yake nufi ko kai," in ji Iya. "Ya ce in bar shi ya ci tuwonsa."

Lahadin da ta biyo baya karatu ya faɗo kan gishirin nan. Ban zaɓa ba, shi ne a jere. Na kai wurin gona da juji sai na tsaya. Shekara da shekaru ina ganin babu wurin da ya fi juji ƙasƙanci, ga shi Littafin da ke hannuna yana cewa akwai abin da bai kai a zuba shi a can ba: abu fari, mai tsabta a ido, wanda ya rasa abin da aka yi shi dominsa. Na dubi rigata. Na ɗaga kai, Kawu yana can bakin ƙofa, ya ɗan ɗaga yatsa. Ban sani ba ko da gangan ya yi ko sabo ne. Na maimaita.

Ko a nan ma sai da na nemi hanya mai sauƙi. Na je wurin Fasto da dattawa na ce a mayar wa Kawu faranti. Suka yi murna, suka je suka same shi. Ya gode musu, ya miƙa hannunsa suka ga yadda yake rawa, ya ce yanzu kam in ya ɗauka gurasar a ƙasa za ta ƙare. Da aka kawo mini amsar na gane abin da na karɓe masa ba zai mayu ba. Shekarun da hannunsa ke da ƙarfi ni na cinye su. Abu ɗaya ya rage, wanda nake ta kewayewa.

Na je na faɗa, a bayan gidan malam, a kan juji. Zan ajiye yadda aka yi zuwa ƙarshe, domin a kan maganar da na fi daɗewa ban faɗa ba nake so in ajiye alƙalami. Amsarsa dai gajeriya ce. Ya ce ya yafe tun tuni, sannan ya miƙo mini shebur ya ce in cika mangala, rana tana yi.

Wata takwas muka samu bayan nan, kuma ban taɓa jin daɗin wasu watanni kamarsu ba. Lahadin farko na tsaya a gaban jama'a na warware wa'azina na da. Da na sauko ban koma wurina ba, na je na zauna kusa da shi, kuma gaskiyarsa, wurin ya fi iska. Ragowar ranin ni na bi jaki, shi yana gida yana duba abin da na kawo, yana cewa masu takarda ba su iya tsince leda ba. Karatun la'asar ya dawo. Iya ta fara tambayata iyali, miyarta kuma kwano ɗaya. Ya ga damina, ya ga dawarsa da tawa sun fitar da kai. Ciwon bai daɗe ba, mako guda ne. Kwana biyu kafin ya cika ya sa na karanta masa itacen ɓauren, ya ce abin da yake so da labarin shi ne ba a faɗi ko itacen ya yi 'ya'ya ba, an bar shi da takinsa. Sannan ya ja kunnena kada in taɓa tsibin da ke bayan gidan mai waina sai bayan Kirsimeti, don bai gama ruɓa ba.

Ga yadda aka yi. Wata Talata ce da hantsi na bi shi Rogo. Aura ta riga ta mutu, Duna kaɗai ya rage masa, yana tsaye da mangala rabi. Kawu yana tsugune a kan jujin yana tsince leda, malam yana zaune a kan buzu a inuwar katanga, suna musu a kan wanda ya girmi wani. Da gangan na sa farar rigar wa'azi. Na gaishe su, suka amsa. Sai na hau jujin na durƙusa a gaban Kawu, gwiwata ta nutse cikin toka da kashin awaki. Malam ya yunƙura zai tashi ya ba mu wuri, na roƙe shi ya zauna, na ce a gaban mutane na yi ɓarnar.

Kawu ya dube ni ya ce, "Mai Takarda, rigarka."

Na kama hannuwansa biyu yadda suke, na ce:

"Kawu, hannun nan ne ya ciyar da ni, ya kai ni makaranta, na tashi na ce ba shi da tsabta. Ƙarya na yi a ɗakin Allah, da Littafinsa a hannuna. Na ci takinka shekara uku na yi kamar ban san mai zubawa ba. Ba ni da hujja ko ɗaya. Na yi maka laifi, Kawu. Ka yafe mini."